Murhun Ta Kitse

A 1981 Baba ya dawo daga Abijan da akwatin ƙarfe, da rediyo mai cin kaset, da niyyar ƙara aure. Ya yi noman damina tare da mu, da kaka ta yi aka ɗaura, aka kawo amarya daga wani ƙauye na wajen Barmu. Kafin ɗari ya gama sauka ya sake ɗaure kayansa ya nufi tasha. Haka mazan Adar suke tun ba a haife ni ba: a girbe hatsi, a kai rumbu abin da Allah ya bayar, sai a tafi biɗa. Wasu Abijan, wasu Kamaru, wasu Libiya, masu gajeren zango su tsaya Kano ko Legas. Gari ya koma na mata da yara da tsofaffi. Gidanmu da ke cikin tsohon garin Tawa, wajen Bilbis, ya rage Kaka mahaifiyar Baba, da Inna, da Amarya, da mu yara huɗu. Ni ne babba, ina da shekara tara.

Ba mu taɓa kiranta da wani suna ba sai Amarya. Yau tana da jikoki, gashinta ya yi fari, amma har gobe Amarya ce.

A lokacin, gatanar maza tana da gidan rediyo. Manya suna ba da labarin yadda ake kewaye akwati ɗaya a unguwa don sauraren Albarka Cibau a Rediyon Nijar, wanda aka buɗe a 1958, kuma Mustafa Alasan, mai shirya finafinan nan da ya zauna a Tawa, ya yi fim da shi a 1969. Gatanar mata kuwa ba ta da gidan rediyo, ba ta da mai ɗaukar hoto. Ɗakin tsohuwa ne filinta, bayan lisha, in an gama cin tuwo. Mu ɗakin Kaka muke taruwa, don can ne ake ajiye kaskon wuta lokacin ɗari. Amarya ma takan zo ta rakuɓe a bakin ƙofa, tunda ba ta girme ni da abin da ya wuce shekara bakwai ba, kuma ɗakinta shiru ya yi masa yawa.

Labarin Ta Kitse kowa ya san shi, ko da yake kowace tsohuwa da yadda take juya shi. Wata tsohuwa tana da ƙaton sa. Gizo ya gani ya kai wa sarki tsegumi, sarki ya aika aka kamo san aka yanka. Tsohuwa ba ta roƙi komai ba sai kitse da kayan ciki. Ta kai gida ta rufe a tukunya, suka rikiɗe suka zama 'yan mata, wadda ta fi su kyau ita ce ta kitsen. Gizo ya sake komawa fada da labari. Sarki ya ce sai ya aure ta. Tsohuwa ta ce ta yarda, amma da sharaɗi: yarinyar nan ba ta shiga rana, ba ta zuwa kusa da wuta. Sarki ya amsa. Ba a jima ba yaƙi ya taso, ya hau doki ya tafi. Matansa na da suka ce ai ba baiwar kowa a cikinsu, yau sai amarya ta yi girki. Suka tasa ta gaba har bakin murhu, ta narke. Ƙanwarta da ta rako ta ta kwashe kitsen ta zuba a wuri mai sanyi, aka aiki tsuntsu ya kai wa sarki labari a fagen fama. Ya juyo, ya tarar Ta Kitse ta daskare ta koma mutum.

Na sha jin wannan daga bakin Kaka, kuma a shekarun baya ƙarshensa bai wuce sarki ya kori matan daga gari ba. A daren da nake magana, ƙarshen ya sauya. Kaka ta gyara zama, ta ɗaga murya fiye da yadda ɗan ƙaramin ɗakin yake bukata, ta ce:

"Sarki yac ce, Ta Kitse, mi kika so a yi musu? Tac ce, a yanke kawunansu su uku, a kahwa min murhu da su."

Ƙannena suka yi shewa, wani har da tsalle a kan tabarma. Ni kunnena yana waje. Inna tana tsakar gida tana kankare tukunyar tuwo, kuma tufaniyar ƙofa a ɗage take. Na ji kankarar ta tsaya. Ta ɗan jima a tsaye, sannan ta ci gaba, a hankali fiye da ɗazu.

Na ce, "Kaka, to mi za ta yi da murhu, ita da ba ta zuwa kusa ga wuta?"

Ta dube ni ta hasken kasko ta ce, "Kai maigida, kwanta. Ba a yi ma gatana shari'a."

Shekara arba'in da wani abu ke nan ina yi mata shari'ar da aka hana ni. Gara kuma in faɗi gaskiya tun yanzu: ni ba alƙalin kirki ba ne a wannan ƙara, domin ɗan uwargida ne ni. Duk yaron da ke ɗakin nan yana ganin kansa a gefen Ta Kitse. Ni kaɗai na duba murhun na ga fuskar da na sani.

Abin da ya fara damuna da na soma hankali shi ne ba wanda ya saurari ƙarar matan nan uku. Gatana ta ce kishi ne, ta wuce. Amma abin da suka faɗa da bakinsu maganar aiki ce, kuma duk wanda ya tashi a Adar ya san nauyin wannan magana. Ƙasar fura ce. Kafin injin niƙa ya yawaita, furar da za a sha da rana sai mace ta sussuke hatsi, ta sheƙe, ta surfa, ta wanke, ta daka, ta tankaɗe, ta dafa, ta sake kirɓawa. Tun asuba kake jin luguden taɓare yana amsa juna daga gida zuwa gida. Ga ruwa, wanda a ƙauyukan arewa, wajen Afala da Takanamat, in rani ya yi tsanani mace takan ɓata rabin yini a bakin rijiya kafin ta cika tulu. Ga itace, wanda kullum ƙara nisa yake. Abin da ke sa mata biyu ko uku su iya zama gida ɗaya a kan wannan wahala shi ne rabon girki: yau da gobe naki, jibi da gata nawa, mai girki ita ke da miji, wadda ta fita ta huta. Amarya tana da hutunta, sananne: kwana bakwai in budurwa ce, uku in bazawara ce, daga nan ta shiga layi. Ta Kitse kuwa an kawo ta da kwana bakwai marasa ƙarewa. Za ta ci, za ta sha, za ta karɓi kwana, ba za ta taɓa hura wuta ba har abada. Wa aka yi wannan yarjejeniya da shi? Sarki da tsohuwa. Waɗanda za su ɗauki nauyinta a wuyansu ba wanda ya ce musu uffan.

Ban wanke su ba. An gaya musu za ta narke, suka tura ta. Wanda ya san kitse ya kuma san wuta ba zai ce kuskure ne ba. Laifi sun yi shi, babba. Magana a kan hukuncin ce.

Da na shiga makarantar zaure muna karanta Risala, na ji yadda malamai ke bayanin ƙisasi, sai na riƙa auna Ta Kitse a kai ina dariya ni kaɗai. Ana kashe wanda ya kashe ne in wanda aka kashe ya mutu. Ita ga ta nan zaune a kan gado, ta daskare, ko tabo babu. Rai uku aka ɗauka a madadin ran da ya dawo. Sannan shari'a ta hana wulaƙanta gawa ko da ta abokin gaba ce a fagen yaƙi, balle a mai da kan mutum abin girka tukunya. Sannan mai ƙara ita ce ta yanke hukunci, mijinta ya zartar, ba shaida, ba a ce wa waɗanda ake tuhuma su buɗe baki ba. Ko 'yan kokowa, da ƙarfi ne sana'arsu, sun fi wannan ƙa'ida. A Tawa aka yi gasar kokowa ta cin takobi ta farko a 1975, mun kuma tashi muna ganin yadda ake yi: in ka kayar da mutum magana ta ƙare, sau da yawa ma kai za ka miƙa hannu ka tashe shi. Ba a bin wanda ya faɗi da duka.

Kuma a duba abin da ta roƙa. Duwatsun murhu, a Adar! Ƙasar da har sunanta ake haɗawa da dutse, inda manomi ke ture duwatsu gefe kafin ya samu wurin saran shuka. In murhu take so, yaro zai fita bayan gida ya kawo mata uku kafin ta rufe baki. Ba bukata ce ta sa ta ba. So take a riƙa gani. Matar da wuta ta narkar ta zaɓi abokan gabarta su dawwama a cikin wuta, kullum safe da yamma, a tsakiyar gida, inda duk mai shigowa zai gane su. Hausawa sun ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, kuma ba su faɗi haka don yabo kaɗai ba.

Tambayata ta yarinta ma har yau ba a amsa ba. An kashe masu girki uku. Gobe wa zai dafa wa fada abinci? Dole sarki ya auro wasu, su zo su tarar da mace zaune a inuwa ba ta tsinana komai, su ɗora tukunya a kan kawunan waɗanda suka riga su. Gatana ta rufe kafin a kai nan.

Wanda ya fi ba ni mamaki a labarin, da na girma, shi ne wanda ko ƙwarzane bai samu ba. Sarki ya ƙwace san tsohuwa da ƙarfi. Ya dawo ya ɗauke abin da ta samu daga ragowar san. Ya yi alkawarin da ba shi zai cika ba, ya ajiye kitse a gidan da ake hura wuta sau uku a yini, ya hau doki ya yi gaba. Da abin ya lalace sai ya dawo a matsayin mai adalci, yana tambayar me za a yi wa masu laifi. Gizo da ya kai tsegumi sau biyu shi ma ya sha. Duk jinin da aka zubar a labarin na mata ne, in ka cire na sa.

Ban ga wannan ba sai da ni ma na bi hanyar Baba, na zauna a ɗakin haya a unguwar Ajame ta Abijan tare da 'yan garinmu. A nan na gane ko wane ne tsuntsun da ke kai wa sarki labari. A zamaninmu kaset ne. Mai dawowa gida yakan zo da kaset daga maigida, a taru a tsakar gida a saurara, sannan a juya shi a naɗi amsa: Kaka ta fara, Inna ta bi, Amarya ta yi gaisuwa da muryar da ba a ji sosai, mu yara mu yi ihun sunayenmu. Wannan na fili ne. Akwai kuma na ɓoye, wanda mace ke zuwa gidan ƙawarta ta naɗa, ta ba ɗan'uwanta ya kai hannu da hannu. Na ga magidanci ya saurari irin wannan kaset a Abijan, ya tashi a fusace ya aika da saki, bai ji ta bakin ɗayar ba, kuma rabonsa da gida shekara biyu. Wadda tsuntsunta ya riga isa ita ce Ta Kitse.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan ƙarshe ba. A lakwal mushe, wato malaminmu, ya karanta mana Cendrillon ta Charles Perrault, wadda aka buga a Faransa a 1697. A can yarinyar ta yafe wa 'yan'uwan da suka wahalar da ita, har ta aurar da su ga manyan fada. Mun ce wannan ai ba gatana ba ce, wa'azi ne. Daga baya na tarar cewa a wajen 'yan'uwan nan Grimm na Jamus, waɗanda suka fara fitar da nasu tarin a 1812, abin ba haka yake ba. A bugun da suka sake fitarwa daga baya tantabaru ne suka ƙwaƙule idanun 'yan'uwan ranar biki. A wani labarin nasu an sa wa muguwar sarauniya takalman ƙarfe da aka gasa a wuta, ta yi ta rawa har ta mutu, abin da kamfanin Disney ya cire a fim ɗinsa na 1937 ya sa ta faɗo daga kan dutse. Sai dai akwai bambanci. Su sun bar hannun yarinyarsu da tsabta: tsuntsaye ne suka yi, ko wasu ne suka kawo takalman. Kaka ba ta yi wa tata wannan sutura ba. Tambayarta aka yi, ta buɗe baki ta faɗa. A wannan kam na fi girmama Kaka, domin ba ta ɓoye mana cewa wanda aka zalunta yana iya zama abin tsoro ranar da aka miƙa masa wuƙa ba.

To me ya sa ta sauya ƙarshen a wannan shekara? Nan ne shari'ata take yin rauni, domin na san abin da ke faruwa a gidanmu. Inna ce ke riƙe da tiya. Ita ke auna hatsin da za a daka kowace rana. Ranar girkinta tiya takan fito da tozo, har yana zuba. Ranar girkin Amarya sai ta sa tafin hannu ta shafe bakin, wani lokaci har ta ɗan rage. Ba wani abu ba ne a ido. Amma da la'asar fura ta ƙare, mu yara mu fara kuka, a ce amarya ba ta iya auki ba, 'yar ƙauye ce, ba a koya mata komai ba. Na ga wannan hannun yana shafe tiya da idona, kuma na yi shiru, don uwata ce. Yarinya ce aka ɗauko daga cikin danginta aka kawo birni, mijin da ya kawo ta yana bayan ƙasashe biyu, ba ta da wanda za ta kai wa kuka. Ta rame har zanenta yana zagaya ta sau biyu.

Kaka ta gani. Amma uwar miji ba ta kiran matar ɗanta na fari ta ce mata ke, daina. Akwai kunya a tsakani, kuma magana in ta fito fili sai ta zama ƙara, dangi su shigo, wataƙila aure ya mutu, mu mu tagayyara. Abin da take da shi gatana ne da ƙofa a buɗe. Ta ɗauki kawuna uku na matan da ba a taɓa haifa ba ta ajiye a tsakar gida, ta koma ta kwanta. Ba a ambaci sunan kowa ba, ba wanda zai ce an zage shi. Ba zan ce daga ranar Inna ta so Amarya ba. Amma tiya ta daina fitowa a shafe.

Saboda haka in aka tambaye ni ko Ta Kitse ta yi daidai, amsata a'a ce, kuma ban taɓa jin hujjar da ta girgiza ni a kai ba. In aka tambaye ni ko Kaka ta yi daidai da ta sa mata wannan magana a baki, sai in yi shiru tukuna. Bulala ce ta rataye a inda za a gani don kada a kai ga dukan kowa. Abin da kawai nake riƙe da ita a kai shi ne ba ta taɓa rataye wa ɗanta irinta ba. A duk gatanar da na ji daga bakinta, ban tuna ranar da sarki ya dawo daga tafiya aka tambaye shi ina ya bar hankalinsa ba.

Ba kuma gefe ɗaya take tsayawa ba. Da farin 1984 ya zo, rumbu ya koma wurin kwanan kaji, saƙon Baba ya ja baya. Amarya ta riga ta haifi namiji, ɗan abin da ke zuwa daga Abijan ta hannun ɗan'uwanta yake biyowa, Inna ta koma bora a gidan da ta gina. A shekarun nan ba mu ƙara jin Ta Kitse ba. Sai labarin 'yar bora da aka tura wankin kirgi a ruwan Bagaja, ta dawo da dukiya, 'yar mowa ta bi sawunta da rashin kunya ta dawo da kutare da makafi. Shi ma da ƙarfi Kaka ke faɗarsa, tufaniya a ɗage, sai dai yanzu ɗayan ɗakin ake nufi.

Kaka ta rasu, Baba ya rasu, Inna ma ta bi su. Yaran gidanmu na yanzu finafinan Kano da na Indiya masu fassarar Hausa suke kallo a waya, kuma ina jin su suna gardama a kan ko wance ta kyauta da ta tona asirin kishiyarta, da zafin da muke yi a ɗakin Kaka. Bara da na je Tawa hutun sallah, wuta ta ɗauke da dare, wayoyi suka mutu, jikoki suka taru a kan Amarya sai ta yi musu gatana. Ina daga zaure ina ji. Ta Kitse ta yi musu, kuma da aka zo ƙarshe ba ta rage ko kai ɗaya ba.

Da yara suka watse na shiga na zauna a bakin tabarmarta. Na ce, "Amarya, ashe kin riƙe ta yadda Kaka ta bar ta. Lalle daren nan kin ji daɗi, an rama miki."

Ta yi dariya har tana tari. Ta ce, "Wane daɗi? Ni wane kitse gare ni, da anka kawo ni awa sillen kara? Daren nan ban yi kwana ba."

Na ce, "Don mi?"

Ta ce, "Murhu dutsi uku na. Innarka guda ta. Ni sauran biyun nika ƙidaya."

Ta miƙa hannu ta laluba ƙarƙashin matashi ta ɗauko goro, ta ɓare, ta ba ni rabi.